Kiran Da Indo Ba Ta Yi Ba

Safana, Lahadi

Barau,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hadiyya da yara. Ka durƙusa ka gaishe mini da Inna, ka ce ina tambayar ciwon ƙafarta. Mu nan sai godiya. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa kamar zamanin kakanninmu: guguwar ta kayar da ƙarfen sabis na wajenmu, wayata ta koma madubi. Ɗan'auta direba zai miƙa maka a shagon ɗinkinka.

Ka ji labari a bakin mutane, to ga shi daga wadda ta gani. Ina Tungar Ƙirya ranar, na je wa Indo yini. Ka san ta, ƙawata ta ƙuruciya, wadda muka yi tallar fura tare kafin a kai ni makaranta ita a kai ta ɗaki. Bayan la'asar gabas ta yi ja kamar an zuba manja, kafin mu kwashe shanya iskar ta iso. Ban taɓa ganin kwano yana tafiya a sama kamar tsumma ba sai ranar. Rumbuna sun kife, ɗakunan da suka rage da rufi a ƙauyen ba su da yawa. An rasa rayuka, cikinsu har da Tayyib, ɗan farin Indo. Ya fita ya kwance shanun huɗa daga gindin gawo, gawon ya faɗo. Ya bar matarsa Fiddausi da goyo. Allah ya jiƙansa.

Na ji makaɗin nan Yazidu Ɗan Darini zai yi wasan neman taimako a Batsari, na kuma ji wai kai ne sakataren ƙungiyar masoyansa. Allah Sarki ƙungiya, ta rasa mai alƙalami har ta kai ga mai almakashi. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, saboda haka dole ka haɗiye. Amma tun kana rarrafe nake sauraren gurmin uban Yazidu, don haka ka saurara. Kada ya kuskura ya yi waƙar nan ta 'yan mata mai cewa iska ta ɗauke mayafi, ko samari za su yi kuka da jini. Ya yi ta garma, ita marigayin yake sakawa a waya yana huɗa. Ya rufe da ta matafiya, wadda ya yi da ubansa ya rasu. Sauran duk surutu ne.

Akwai abin da ya hana ni sukuni, ba ni da wanda zan faɗa wa a nan. Ka san kunyar ɗan fari a wajen matan ƙauyenmu. Tun ran suna Indo ba ta taɓa furta sunan yaron nan ba. Goggo, uwar mijinta, ita ta yaye shi ta riƙe shi, shi ya sa take ce masa Na Goggo. Ko wani Tayyib ɗin ta gamu da shi, sai ta ce mai sunan wancan. To da ya ruga wajen shanun, Barau, Indo ta fito tsakar gida ba mayafi, tana kiransa da sunansa. "Tayyibu, bar su. Tayyibu, dawo." Ni kaɗai ce kusa da ita, ƙarar iska ba ta bar kowa ya ji ba. Washegari ta zauna kan tabarma tana karɓar gaisuwa, idonta a bushe, tana cewa, "Goggo za ku yi wa ta'aziyya, ita ta yi rashi."

Na karanta littattafai da yawa, na koyar da wasu, ban gamu da irin wannan a cikinsu ba. Da Yazidu ya ji abin da kunnena ya ji, da bai sake neman wata waƙa ba har ƙarshen ransa.

Ka rubuto mini yadda aka yi.

Yayarka ko ka ƙi,
Zuwaira


Batsari, Juma'a

Yaya Zuwaira,

Wa'alaikumus salam. Mun ga takardarki, mun yi juyayi ƙwarai. Allah ya gafarta wa Tayyib da sauran, ya mayar muku da alheri. Inna na amsawa, ƙafar da sauƙi sai dai in an yi hadari. Hadiyya ta ce a gaya miki mai almakashin ne dai yake ɗinka miki kayan salla, kuma bai taɓa jin kin kushe ba.

An yi wasa jiya a filin firamare, daga la'asar zuwa kafin magariba. Yaya, ba masaka tsinke. Ya buɗe da ta garma kamar yadda kika ce. A nan aka fara gardama, don Zinariya shugabar matan ƙungiya ta ce kiɗanta ya yi zafi da yawa ga ranar makoki, mutane har sun fara gyaɗa kafaɗa. Na ce mata ai manoma aka rasa, da me za a tuna da su, da waƙar 'yan tireda? Samari sun yi ta ihun a yi ta mayafi. Yazidu ya ɗaga hannu ya ce, "Yau ba ranarta ba ce." Sai kika ji tsit. Har yanzu a bakin shagona ana musu: wasu na cewa da ya fara da ta matafiya, wasu na cewa da ya yi ta rijiya, tunda a cikinta ya ambaci Tsaskiya, maƙwabtan Tungar Ƙirya da su ma guguwar ta taɓa.

Amma albishirinki. Na isar da saƙonki. Na je har gida na karanta masa wurin nan na takardarki, ya sa na maimaita, sannan ya ɗauki gurmi. Da ita ya rufe taro maimakon ta matafiya. Ga abin da na riƙe:

Indo ta fito ba mayafi,
Bakin da ya rufe tun ran suna
Yau ya buɗe, iska ta tare shi.
Tayyibu dawo, bar shanun.

Duk filin ya ɗauki amshi. Na ga dattijo da furfura yana share ido da hula. Masu shagunan kayan gini da suka zo kallo da hannu a aljihu, kafin a watse sun yi alkawarin kwano da katako, mota ta riga ta fara lodi. An ce a fara rufa ɗakin Indo.

Masu tura waƙa a kasuwa ba su huta ba tun safe. An kuma tsayar da cewa za a maimaita wasan a Safana bayan sadakar arba'in, ki zo ki zauna a gaba. Na gaya wa kowa yayata ce ta kawo labarin.

Ƙanenki,
Barau


Safana, Laraba

Barau,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Hadiyya da yara. Kai kuma ina amsa sallamarka ne don wajibi ce.

Wane saƙo na ba ka? Nuna mini inda na ce ka ɗauki takardata ka kai gidan makaɗi. Mutum ya buɗe maka cikinsa, kai kuma ka ɗauka ka auna, ka yanka, ka rataye a ƙofar shago kowa ya taya. A Batsari aka haife ka, ba a bayan teku ba. Wace uwa ka taɓa ji an kama sunanta a lasifika ana cewa ta fito ba mayafi tana kiran ɗan farinta?

Bari in gaya maka abin da dattijonka mai share ido da hula bai gani ba. Waƙar ta riga motar kwano isa Tungar Ƙirya. Ba ta buƙatar sabis, 'yan acaba sun kawo ta a wayoyinsu. Na je ran Litinin. Tun daga bakin rijiya na ji yara suna kora awaki suna rera "Tayyibu dawo, bar shanun", suna dariya, don su yara amshi ne mai daɗi kawai. Fiddausi tana ji daga ɗakin takaba. Mata kuwa ba mai cewa komai, sai dai a kalli juna a ce, "Ashe dai." Goggo, da tsufanta da makantarta, ta sa an kira Indo ta tambaye ta a gaban surukai ko gaskiya ne. Ta ce ita ta riƙe yaron nan tun daga yaye, ba ta san akwai wadda ke ganin ta fi ta zafinsa ba.

Indo ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa barka, ba ta zuwa gaisuwar sauran da suka yi rashi. Da motarku ta iso, yaran mota suna tambaya da ƙarfi ina gidan Indo mai waƙa. Ta aiko a ce musu ba a nan ba ne. An rufa ɗakunan maƙwabta, nata yana nan da leda da duwatsu a kai, ga damina ba ta ɗauke ba. Na taɓa katifarta, ruwa ne. Tana tari. Kwanon da kuka yi alfahari da shi yana jingine a bayan masallaci, yara sun sa masa suna kwanon Indo.

Ni kuma da na yi sallama, ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, ta russuna, ta ce, "Sannu da zuwa, Malama." Matar da tun muna 'yan mata ba ta taɓa ce mini komai ba sai Zuwai. Ba ta zage ni ba, ba ta tambaye ni ba. Na zauna ina kallon ruwan kamar wadda ta zo karɓar haraji. Da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Kuna can bakin shago kuna gardamar wace waƙa ta fi dacewa da mamaci, ta garma ko ta rijiya. Wa ya tambayi masu rai? Kun yi kuka kun ji daɗi, kun koma gida kun ci tuwo. Kukan naku a kan wa aka ɗora shi?

Ka je ka gaya wa Yazidu ba za a yi waƙar nan a Safana ba. In ya ɗaga gurmi da ita, ni zan hau dandamalin in karɓe abin maganar, kuma ka san zan iya. Kada ka ajiye mini kujera.

Zuwaira


Batsari, Asabar

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Ɗan'auta ya zo ya koma, ya sake zuwa, ban ba shi komai ba, don duk wadda na rubuta sai in yage. Kowa lafiya. Allah ya ba Indo sauƙin tarin.

Ba zan yi miki musu ba, na yi wauta. Amma takardarki tana gabana. Ke kika rubuta cewa da Yazidu ya ji abin da kunnenki ya ji, da bai sake neman wata waƙa ba. Kin jera mini wadda zai yi da wadda ba zai yi ba, sannan kika kawo wannan. Ni tela ne, in aka ajiye mini yadi aka faɗi fasali, ɗinki nake yi. Ba ki ce in faɗa ba, gaskiya ne. Ba ki kuma ce kada in faɗa ba. Kuma kin tsara shi, Yaya, tsarin da ko ni da na karanta sai da na ji kamar da kiɗa aka rubuta.

Kafin takardarki ta zo ma na fara sanin na yi ɓarna. Na saka wa Inna waƙar a tsakar gida ina jiran ta yaba. Tana jin baitin farko ta tashi da ƙafar nan tata mai ciwo ta shige ɗaki. Kin san ni ne na farinta. Har yau "kai" take ce mini, ko "mai keke". Da Hadiyya ta bi ta, sai ta ce, "Wannan baiwar Allah me ta yi musu?" Tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba.

Ƙungiya ta rabu biyu. Zinariya ta ce waƙar ce ta buɗe aljihun mutane, in aka cire ta a Safana ƙauyukan da motar ba ta kai ba za su kwana a ruwa saboda kunyar mace ɗaya. Wasu na cewa a canja suna kawai. Na ce wane suna, bayan har awakin Tsaskiya sun haddace? Yazidu kansa ya daina cin abinci sosai. Ya ce shi ya ɗauka da yardar mai abin aka kawo masa, kuma duk abin da Indo ta ce shi zai yi, ko a bari ko a yi.

To wa zai tambaye ta? Ni ba ni da fuskar. Ke ce kike da ƙofar shiga.

Barau


Safana, Talata

Ƙanena Barau,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka ce wa Inna na ji abin da ta ce, kuma ta fi mu duka karatu. Ni lafiyar jiki kam akwai.

Na yi kwanaki ina neman inda zan kama ka a takardarka, ban samu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga abin da bai kamata a gani ba, maimakon in runtse ido sai na ji daɗin yadda zai zauna a jimla. Ka bar wannan a nan, ba shi ne labarin ba.

Na je Tungar Ƙirya ana gobe sadakar arba'in. Na sami Indo a bayan ɗaki tana tsince geron da ruwa ya taɓa. Na tsuguna, na ce na zo neman gafara, ni na faɗa wa ɗan'uwana, shi ya kai wa mawaƙi. Na ce Yazidu na tambaya ko a bar waƙar ko a yi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mi kika faɗa mashi, Malama?"

Na ce, "Abin da na ji."

"Mi kika ji?"

"Na ji kin kira shi."

Sai ta ajiye faifan, ta dube ni, karo na farko tun ranar. Ta ce, "Ni ban kira kowa ba. Ranar nan ko kiran salla ba a ji ba. Ke kaɗai Allah ya ba kunne?"

Na buɗe baki zan ce ai ina tsaye kusa da ke, har zanenki na riƙe. Ka san ni da gardama, ban taɓa barin ɗaliba ta ce baƙi fari ne ba. Amma ta ci gaba da kallona, ba fushi a idon, roƙo ne. A nan na gane ba cire waƙa take so ba, don magana zarar bunu ce, wadda ta fita ta fita. Mutum biyu ne suka san abin da ya faru a tsakar gidan nan. In ɗaya ta ce ba a yi ba, saura ɗayar.

Washegari mata sun cika gidan ana dakan gumba. Goggo na zaune a kan turmin da aka kife mata. Na tsaya a tsakiya, na yi sallama da muryar aji. Na ce ni ce na ƙirƙiri labarin da ke cikin waƙar nan. Na ce Indo tana cikin ɗaki lokacin da abin ya faru, da mayafinta, ba ta ce uffan ba. Na ce na ƙara gishiri ne don mutanen gari su ji tausayi su kawo taimako, kuma ina neman afuwarta da ta Goggo.

Taɓarya ta tsaya. Wata daga baya ta ce, "Malama guda?" Wata ta ce, "Karatu in ya yi yawa haka yake yi." Akwai iyayen ɗalibaina a wurin, Barau, matan da nake aika wa 'ya'yansu gida in sun yi mini ƙarya a kan aikin gida. Ban san ƙasa tana da nisa haka ba sai da na nemi ta tsage. Goggo ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Dama na ce. Yarinyar da na zaɓo wa ɗana da hannuna ba ta yi. Ku 'yan boko ba ku da abin yi sai ƙaga magana. Je ki, Allah ya shirye ki." Sannan ta ce a kira samari su ɗauko kwanon nan daga bayan masallaci, suruka tata ba za ta ƙara kwana a ruwa saboda ƙaryar wata ba.

Ban san yadda za a rubuta mini wannan a sama ba. Na yi istigfari, ina kan yi. Amma kafin in baro ƙauyen ina jin ƙarar guduma a kan ɗakin Indo.

Ga abin da za ka gaya wa Yazidu. Ya yi ta garma, ya yi ta rijiya don mutanen Tsaskiya, ya rufe da ta matafiya. Kafin ya fara, ya faɗa da bakinsa cewa waccan ba zai ƙara yin ta ba, domin labarin ƙage ne, wata malama ce a Safana ta shirya shi. In sun nemi suna ya ba su, kowa ya riga ya sani. Kai da shi kun san gaskiya, ku haɗiye ta. Zinariya kuma ka ce mata in aljihun mutane ba ya buɗewa sai an tuɓe wa wata mayafi, ta zo mu bi shagunan ƙafa da ƙafa, ni zan yi maganar. Kujerar da na ce kada ka ajiye, ajiye ta, a gaba. Gara su kalle ni su gama.

Da zan tafi Indo ta ɗauki mayafi ta raka ni. Ta bi ta gaban rijiya, ta gaida matan da ke wurin, suka amsa. Ba ta ce mini Zuwai ba, ba ta kuma ce Malama ba. Sai da muka wuce gonakin, inda ba kowa sai mu, ta tsaya ta yi mini tambaya ɗaya game da ranar. Na ba ta amsa, muka daɗe a tsaye.

Na san kana jira in faɗa maka abin da ta tambaya. Wannan nata ne.

Ka gaida gida.

Yayarka,
Zuwaira